Bakin Jakara: Ko Wurin Zai Ɗauki Lambun Shaƙatawa?

  

Duk mai magana a Madabo sai ya sassauta murya, don unguwar malamai ce tun zuwan Wangarawa, waɗanda tarihin Kano ya ce sun iso zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385). Ni ban zo da fiƙihu ba. Maganar ruwa da ƙasa na kawo: idan gobe gwamnati ko wani mai hali ya ce zai yi wa mutanen cikin birni lambun shaƙatawa a bakin rafin Jakara, da me za mu auna mu ce wurin ya dace ko bai dace ba?

Buƙatar dai ba a gardama a kanta. A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, gidajenmu sun cushe, tsakar gida ta zama ɗakuna, lungu ya zama shaguna. Yaron cikin badala da ke son ya yi gudu a ƙarƙashin inuwa sai an hau mota da shi zuwa gidan zu na Audu Bako, a kuma biya kuɗin shiga. Kakanninmu ba haka suka zauna ba. Durumin Iya, Rimin Kira, Ceɗiyar 'Yan Gurasa, duk wurare ne da bishiya ta taɓa tara jama'a. Yawancin irin waɗannan bishiyoyi sun tafi.

Mai neman fili a tsohon birni kuwa idonsa ba zai wuce Jakara ba, don ita kaɗai ce doguwar kafar da gini bai gama cinyewa ba. Tarihin Kano ya nuna cewa tun zamanin Barbushe wurin kurmi ne mai duhu da baƙin ruwa, wanda mutanen lokacin ke girmamawa. A gefensa Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa Kasuwar Kurmi. Baturen nan Clapperton, da ya shigo a 1824, ya tarar da fadamar ta raba gari biyu, kasuwa na ci a kan ɗan tudun da ya haɗa ɓangarorin. Barth ma a 1851 ya ga ruwan, bai kuma yaba tsabtarsa ba. Na kawo wannan ne don kada mu yaudari kanmu da cewa akwai wani zamani kusa da Jakara ke gudana garau. Abin da tarihin ke tabbatarwa ya fi haka amfani ga mai auna fili: wurin kwari ne, nan ruwan birni ke gangarowa tun kafin a yi ganuwa, kuma siminti bai canja gangaren ƙasa ba.

Saboda haka ba da awon faɗi da tsawo ake fara binciken ba. Da damina ake farawa. Ruwan Kano kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, ya fi ƙarfi a Agusta, wani lokaci a zubo na mako guda cikin awa biyu. Wanda ya je duba fili a watan Fabrairu, ya ga busasshiyar gaɓa, ya koma ofis ya zana wurin wasan yara, bai ga filin ba. Ya dawo bayan mamakon Agusta, ya dubi zanen da ruwa ya bari a jikin katangu, ya zauna da dattawan da suka shekara hamsin a bakin wurin su nuna masa iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa. Gani ya kori ji, amma a nan jin ma shaida ne, don babu na'urar da ta riƙe tarihin ambaliyar lungu kamar tsohuwar da ta sha kwashe kayanta cikin dare.

Akwai kuma abin da ya tsananta lamarin a zamaninmu. Kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini su ne rumbun ruwan birni: su cika da damina, su saki ruwan a hankali, su shayar da rijiyoyi. An bi su da shara an cike, an yanka filaye, an yi gini. Ruwan da a da yake kwana a kududdufi yanzu kai tsaye yake zubawa cikin Jakara. Mun ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya lalata dukiya mai yawa, aka yi ta nuna yatsa ga gine-ginen da aka ɗora kan magudanai. Lambun da za a yi a bakin rafi, in an yi shi da hankali, wuri ne da aka yarje wa ruwa ya hau shi na 'yan kwanaki a shekara ba tare da ya rushe gidan kowa ba. A wurina wannan ce babbar hujjar yin lambun, ta ma fi inuwar nauyi. Amma tana da sharaɗi: kada a gina komai a ciki da ruwa zai ɓata, kada kuma a kewaye shi da katangar da za ta juya ruwan zuwa gidajen maƙwabta.

Sai maganar da ba ta da daɗin faɗi a gaban manya. Ruwan da ke cikin Jakara da rani ba ruwan sama ba ne. Ruwan kwatamin gidajenmu ne, da na wanka da wanki, da abin da ke tsiyayowa daga masai, da leda da shara. Gaba kaɗan ta wajen Fagge jini da tumbin mayanka su shiga. Can gaba rafin Getsi ya kawo nasa daga masana'antun Bompai. Duka su tafi madatsar Wasai a Minjibir, wadda aka gina a 1976. A kan hanya manoman rani na ɗibar wannan ruwa su shayar da latas da kabeji da alayyafo, su dawo mana da su kasuwa. Masu bincike a Jami'ar Bayero sun sha auna wannan ruwa da ƙasar gaɓarsa, sun kuma sha samun ƙarafa masu guba irin su dalma da kuromiyam, wanda ake jima da shi a masana'antar fata. Ruwa ba ya tsami banza.

Ma'anar wannan ga mai shirin lambu a fili take. Sai an ɗebi ruwan an kai ɗakin gwaji, da rani da kuma damina, a ga yawan ƙwayoyin cutar bayan gida da ke ciki. Sai an haƙa ƙasar gaɓar an auna, domin lakar da ake yasowa duk shekara a nan ake jibge ta, yaro kuwa ƙasa yake wasa da ita, ya kai hannu baki. Sai an leƙa rijiyoyin kusa a ga zurfin ruwan ƙasa. In sakamakon ya nuna abin da hancinmu ya riga ya faɗa mana, to aikin farko ba shuka ba ne. Aikin farko shi ne a shimfiɗa bututu a gefen rafin ya tare kwatamin gidaje kafin su zuba, ya kai su inda za a tace. Wanda ya jera kujeru a bakin ruwan da ke ɗauke da kwalara, sauro na ƙyanƙyasa a ciki, ya yi wa kuturu kwalliya da zobe ne.

Wani zai ce ai an riga an yanke hukunci, tunda a wa'adi na biyu na Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso aka fara rufe rafin da kankare, aka ɗora titi a kai, aikin Jakara zuwa Kwarin Gogau da muke kira Wuju-Wuju, wanda daga baya ya tsaya shekaru. Ba na raina wannan aiki. Wanda ya kwana da warin Jakara a ƙofar ɗakinsa yana da haƙƙin ya so a rufe ta, kuma cikin birni na bukatar hanya. Sai dai murfi yana ɓoye ƙazanta ne, ba ya tace ta. Tana nan tana tafiya zuwa ga mutanen Fagge da Gama da Minjibir. Kuma magudanar da aka rufe, in leda ta toshe ta, ba mai gani sai ranar da ruwa ya ɓullo ta tsakar gida.

Wasu biranen sun bi wannan hanya sun dawo. A Seul ta Koriya ta Kudu an rufe rafin Cheonggyecheon an ɗora masa gadar sama, sannan tsakanin 2003 da 2005 aka rushe gadar aka buɗe shi. Ana yawan kawo mana wannan misali, ni kuwa ba na ganin namu ne: ruwan da ke gudana a ciki da injin ake turo shi, akasari daga kogin Han, mu ko wutar da za ta kai ruwan famfo gidaje ba ta ishe mu ba. Wanda ya fi kama da mu shi ne Fas ta Maroko, inda da yawa cikin malamanmu suka je ziyarar Shehu Tijjani. Tsohon birni ne mai lunguna, da majema, da rafi a tsakiya wanda ya ƙazantu har aka rufe sassansa. Sai da hukuma ta karkatar da ruwan kwatami zuwa wurin tacewa, sannan shirin da 'yar garin, mai zanen gini Aziza Chaouni, ta jagoranta ya samu damar buɗe wasu sassan da gyara 'yan filaye a gefensu. Ba su yi katafaren lambu guda ba, don babu wurinsa.

Mu ma babu. Duk taku ɗaya a bakin Jakara akwai mai shi ko mai cin abinci a kai: gidan gado da magada da yawa ba su raba ba, mai rumfa, mai turken awaki, makarantar allo. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, amma takarda ba ta share haƙƙin wanda kakansa ya gina wurin. Hukumar tsara birni ta KNUPDA za ta iya zana taswira, sai dai mai unguwa ne ya san gidan da marayu ke ciki. Lambun da aka fara da rusau ba diyya, mutanen unguwa ba za su ɗauke shi nasu ba, kuma abin da ba na kowa ba a Kano mun san makomarsa: juji da rana, matattarar 'yan daba da dare.

Nawa ra'ayin shi ne, bakin Jakara a yau bai isa a kira shi wurin babban lambu ba, amma zai ɗauki 'yan ƙananan wurare a jere: gefen sabon titin, sauran kududdufan da ba a cike ba in an hana zuba musu shara, da filayen da ruwa ya riga ya hana gini. A shuka abin da ya san ƙasar nan, durumi da ceɗiya da tsamiya da maɗaci, a bar ciyawar Turai mai shan ruwa safe da yamma. A tambayi iyayenmu mata tun kafin a zana komai, domin wurin da babu bayan gida mai tsabta, babu fitila, babu ɓangaren da mace za ta zauna da 'ya'yanta ba a zuba mata ido ba, majalisar maza ce kawai aka ƙara.

Saura wanda zai kula. Dashe na bukatar ban ruwa na rani biyu ko uku da shingen da zai kare shi daga awaki, kasafin gwamnati kuwa ya fi son ranar yanka kirtani. Nan ne nake roƙon malaman Madabo su shigo. Jihar nan tana da Hukumar Zakka da Hubusi, kuma babin waƙafi ku kuka karantar da mu. Ku duba mana ko shago biyu ko uku da attajirin Kurmi zai tsayar, kuɗin hayarsu ya tafi ga mai ban ruwa da mai gadi da mai shara, zai zauna daidai a shari'a, da kuma hannun da ya kamata a danƙa wa riƙonsa.