Kare Mai Susa a Ruga

 

Yau maganar kare za mu yi. Na san akwai dattijon da zai ce rediyo ta rasa abin faɗa. Baba, yi haƙuri ka saurara. Duk wanda ya taɓa kwana a daji da tumaki ya san wa ke fara jin kura. Malamanmu kuma ba su hana ajiye kare don kiwo ko gadin gona ko farauta ba. Abin da ka ajiye yana yi maka aiki kuwa, cinsa da jinyarsa suna wuyanka.

Ga abin da ya sa na ɗauko zancen. Bara, a wani ƙauye gabas da Rufa'a, na tarar da makiyayi yana haƙa rami. Karensa ne gashi ya zube masa, yana susa dare da rana. Sai ya samo baƙin mai na mota, ya zuba ragowar maganin feshin auduga, ya shafe shi daga kai har wutsiya. Kare kuwa me ya sani ban da lasa? Kafin la'asar yana dalala yana karkarwa, kafin isha'i ya mutu. Yaron da ya riƙe masa karen ya kwana yana amai, domin irin wannan guba ta fata ma tana shiga. Mutumin ba mugu ba ne, taimako ya yi niyya. Abin da bai yi ba shi ne ya tsaya ya duba me ke sa susar.

To susa ba iri ɗaya ba ce. Ta farko ita ce ƙazuwa, wadda Larabawa ke ce wa jarab, masu raƙuma sun san ta sarai. Wata 'yar ƙwaro ce da ido ba ya gani, tana haƙa cikin fata tana yin ƙwai. A jikin kare takan fara daga gefen kunne, gwiwar ƙafar gaba da ƙasan ciki. Fata ta yi kauri, ta yi ɓawo. Ga gwaji mai sauƙi: ka murza gefen kunnensa da yatsu biyu. In ka ga ƙafar baya ta tashi tana susar iska, galibi ƙazuwa ce. Tana yaɗuwa daga kare zuwa kare, tana kuma iya taɓa mutum, musamman yara masu rungumar 'yan kwikwiyo: ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ciki.

Ta biyu ƙuma ce. Akwai karen da jikinsa ba ya jure yawun ƙuma, cizo kaɗan ya isa ya sa shi cin bayansa da haƙori har jini. Wannan a gindin wutsiya da gadon baya da cinyoyi za ka gan ta. Ka taje gashin a kan farin ƙyalle mai laima. Baƙin garin da ya zubo in ya koma ja, kashin ƙuma ne. Kuma ku sani, yawancin ƙumar ba a jikin karen take ba, ƙwai da 'ya'yanta suna cikin tsohon buhun da yake kwana a kai. Wanka kaɗai ba ya raba shi da ita. A ƙone buhun, a share wurin, a sauya masa makwanci.

Kaska kun fi ni saninta. A duba cikin kunne da tsakanin yatsu, a cire ta da kanta. In kare ya daina ci, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi, zazzaɓin kaska ne ya shiga jini, wannan sai likitan dabbobi.

Yanzu maganin ƙazuwa. Allurar ivamektin da kuke yi wa shanu da raƙuma tana kashe ta a jikin kare, ana maimaitawa bayan mako biyu. Amma a nan ne ake yin ɓarna. Awon shanu shi ne mil ɗaya ga kilo 50. Karen ruga kilo nawa ne? Da wuya ya wuce 20. Ke nan abin da ya dace da shi bai kai rabin mil ba. Na ga masu cika sirinji su ce ai kare ƙarfi gare shi. Sai ka ga yana tangaɗi, ya makance, wani ya sume bai farka ba. 'Yan kwikwiyo ƙanana kuma ba a yi musu ita sam. Na sani tun yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 samun likita ya yi wuya a wurare da yawa. Duk da haka, ko ma'aikacin lafiyar dabbobi na kasuwa ne, a bar shi ya auna. A yi wa duk karnukan ruga lokaci ɗaya, in ba haka ba wanda aka bari zai mayar wa sauran. Gutran da ake shafa wa raƙumi kuwa, kada a kai shi jikin kare. Raƙumi ba ya lashe jikinsa yadda kare ke yi.

Akwai ciwon da ba ya nuna kansa a fata, kuma ya fi ƙazuwa haɗari gare mu. Mahautan Tambul sun san jakunkunan ruwa da ake samu a huhu da hantar raƙumi. Likitoci sun daɗe suna binciken wannan cuta a mayankar garin saboda yawanta. Mahauci ya ga huhun bai sayuwa, sai ya jefa wa kare. Kare ya ci, tsutsa ta girma a hanjinsa, shi kuma lafiyarsa lau. Ƙwan tsutsar su fita da kashinsa, su hau ciyawa, su manne a gashinsa. Dabba ta ci ciyawar, yaro ya shafa kare ya ci tuwo bai wanke hannu ba. Bayan shekaru jakar nan ta tsiro a hantar mutum ko huhunsa, sau da yawa sai an yi masa aiki a asibiti. Saboda haka huhu ko hanta mai jakar ruwa, a ƙone ko a binne da zurfi. A riƙa ba kare ƙwayar farazikwantal ta tsutsa a kai a kai, a binne kashin da ya yi kwana biyun farko.

Sai haukar kare, a taƙaice. Fatake, ku ne kuka fi haɗuwa da karnukan da ba ku sani ba a tasha da bakin iyaka. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a nufi asibiti ranar don allura, kada a jira a ga abin da zai faru. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. In karen na gida ne, a ɗaure shi kwana goma ana dubansa, a gaya wa likita abin da aka gani.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan jarab ɗin raƙuma kansa. Mu kwana lafiya.