ƁARAWON DA BA YA HAURA KATANGA

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Mai girma uban taro, shugaban ƙungiyarmu da 'yan majalisarsa, malamanmu da suka yi ɗawainiya da mu tun ba mu san ciwon kanmu ba, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, da ku 'yan ajinmu, ina yi mana barka da sake haɗuwa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Da sakatare ya aiko mini cewa ni zan yi jawabi bana, sai ya ce in zaɓi abin da na fi sani. Na so in yi magana a kan aikin gwamnati, tun da shi nake yi. Amma da na zauna na yi lissafi, sai na ga darasin da na fi riƙewa shi ne wanda na biya wa kuɗi mafi tsada, wato naira 185,000, cikin dare ɗaya. Saboda haka ina neman izinin malamaina in tona asirin kaina a gabansu, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kafin in kai ga labarina, bari mu tuna yadda katin banki ya shigo gidajenmu. A da, manomin shinkafa a Wurno ko mai albasa a Goronyo, in ya sayar da amfaninsa, kuɗinsa na cikin aljihu ko ƙarƙashin katifa. Abubuwa biyu suka sauya wannan. Na farko, rashin tsaro, wanda ya sa babu mai hankalin da zai ɗauko damin kuɗi ya bi hanyar Gandi ko ta Sabon Birni. Na biyu, canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000 da Babban Bankin Nijeriya ya yi a ƙarshen 2022, wanda ya jawo wahalar tsabar kuɗi a farkon 2023. A wannan lokacin ne dattawan da ba su taɓa shiga banki ba suka buɗe asusu ala tilas, masu POS kuma suka cika kasuwar Achida da sauran kasuwanninmu. An ba iyayenmu kati, amma ba wanda ya zaunar da su ya bayyana musu abin da suke riƙe da shi.

To, ni da na yi jami'a, ashe ban fi su ba. A Disambar 2023 Babban Banki ya ba da umarni cewa daga 1 ga Maris 2024 duk asusun da ba a haɗa da lambar BVN ko NIN ba za a hana cirar kuɗi daga cikinsa. Kowa ya ji wannan a rediyo, har da 'yan damfara. Wata Jumma'a da dare cikin watan Fabrairu, albashi bai daɗe da shiga ba, wani ya kira ni. Ya ambaci cikakken sunana, ya faɗi ranar haihuwata, ya yi mini Hausa tsantsa cikin ladabi. Ya ce daga bankina yake, wai za a rufe asusuna kafin wayewar gari, amma zai taimake ni in ba na son wahalar layi. Ya ce in karanta masa lambobin da ke jikin katina. Na karanta. Ya ce saƙo zai shigo da wasu lambobi, in faɗa masa. Na faɗa. Har godiya na yi masa.

Ban ajiye wayar ba alat ya fara shigowa, sau uku a jere. Jama'a, abin da na yi bayan nan shi ne babban kuskurena, ya fi na farkon muni. Kunya ta kama ni. Ban gaya wa maiɗakina ba, ban kira kowa ba, na ce bari in bari sai Litinin in je banki da kaina. Ran Litinin ma'aikaciyar banki ta tambaye ni, "Malam, kai ka ba da lambar da aka aiko maka?" Na ce i. Ta ce, "Yaushe abin ya faru?" Na ce tun Jumma'a. Ta rubuta ƙorafina, amma na ga amsar a fuskarta. Ko kwabo bai dawo ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Daga baya na zauna na koyi abin da ya kamata in sani tun farko. Katin nan, ko Verve ne ko Mastercard ko Visa, makullai ne da shi har kashi uku. Akwai doguwar lambar da ke jikinsa, tare da watan da zai daina aiki da wasu lambobi uku a bayansa. Akwai lambar sirri guda huɗu da ake dannawa a na'ura. Akwai kuma lambar da banki ke aikowa ta waya, wadda sau ɗaya take aiki. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, wanda ya kwafi lambobin jikin kati zai iya sayayya da su ta intanet alhali katin na cikin aljihunka, domin akwai shagunan intanet, musamman na ƙasashen waje, da ba sa neman lambar sirri ko ta waya. A zamanin iyayenmu, 'yan 419 wasiƙa suke rubutawa su jira amsa wata da watanni. Na yanzu minti biyar ya ishe su.

Wannan ilimi ya yi mini rana bayan shekara guda. Ina da kawu, manomin albasa da tafarnuwa a ƙasar Goronyo, yana noman rani da ruwan madatsar nan ta kogin Rima. Ya sayar da amfaninsa, aka tura masa kuɗi a asusu. Kawu ba ya karatun boko, don haka katinsa kullum yana yawo a hannun yara, wannan ya ciro masa dubu biyar, wancan ya ciro dubu goma. Allah kaɗai Ya san a hannun wa aka ɗauki hoton katin. Wata ranar da hantsi ɗansa ya ga saƙonni biyu a wayar tsoho, an cire naira 240,000, ga kuma kati a aljihun Kawu. Yaron bai tsaya shawara ba, ya kira ni.

Ban ce a jira Litinin ba. Nan take na sa suka kira lambar bankin da ke bayan katin, aka toshe shi, ba a yi rabin sa'a ba. Washegari muka shiga Sakkwato tare da Kawu. Muka karɓi takardar bayanin asusu, muka ja layi a ƙarƙashin cirar biyun, muka rubuta ƙorafi cewa Kawu bai yi wannan sayayya ba, bai sa kowa ba, kuma ba a aiko masa da wata lamba ba balle ya bayar. Na nace sai da aka buga hatimi a kwafinmu, aka ba mu lambar ƙorafi. Mako biyu suka wuce shiru. Sai na rubuta wa Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Banki, na haɗa da kwafin komai. Cikin mako na bakwai kuɗin Kawu suka dawo. Ba don wannan ba, da bai sayi taki da man injin ban-ruwa ba a wannan shekara, ga kuma auren 'yarsa da aka riga aka sa wa rana.

Ku dubi labaran nan biyu. Mai digiri ya yi asara, wanda bai yi boko ba ya tsira. Bambancin shi ne, ni na ba da lamba da bakina sannan na ɓoye, shi kuwa bai bayar ba, kuma an yi kururuwa da wuri. Ba na cewa duk wanda ya yi gaggawa sai kuɗinsa sun dawo. Amma wanda ya kwana a kan maganar ya ba ɓarawo lokacin kwashe kuɗin daga asusu zuwa asusu har sawu ya ɓace.

Saboda haka ga abin da nake roƙon kowa ya riƙe idan, Allah Ya kiyaye, abin ya same shi.

Na ɗaya, a toshe katin a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne. Bankuna suna da lambar kira da kuma lambar da ake dannawa a ƙaramar waya don rufe kati ko asusu. A nemi ta bankinka tun yau, a rubuta a takarda a ajiye a gida, domin wata rana wayar ce za a sace. In kuwa wayar ce ta ɓata, ko layi ya ɗauke haka kawai alhali na maƙwabta na aiki, a rufe asusu, a kuma garzaya wurin kamfanin layin, don ɓarayi kan mallake layin mutum su riƙa karɓar saƙonnin bankinsa.

Na biyu, a kai ƙorafi a rubuce. Maganar baka a gaban kanta iska ce. A rubuta rana da lokaci da adadin kuɗi, a ajiye saƙonnin alat kada a goge, a karɓi kwafi mai hatimi da lambar ƙorafi.

Na uku, a faɗi gaskiya. In ka ba da lamba, ka ce ka bayar. Banki na da hanyar ganewa, kuma ƙarya ɗaya na iya rushe ƙorafin gaba ɗaya.

Na huɗu, in banki ya yi shiru, akwai na gaba da shi. Ƙa'idar Babban Banki ita ce a fara kai kuka ga bankin, a ba shi mako biyu, wasu ƙorafe-ƙorafen har kwana 30, sannan a ɗaukaka. Babban Banki na da reshe a Sakkwato. Haka kuma ana iya kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC, tun da dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan irin wannan sata.

Na biyar, a san bambancin sata da tangarɗar na'ura. Wani lokaci mai POS zai ce kuɗi ba su fita ba, alhali an zare su daga asusunka. Wannan ba dalilin kama wuyan yaron mutane ba ne. A karɓi 'yar takardar da na'urar ta fitar. Tun a 2020 Babban Banki ya ɗiba wa bankuna sa'a 72 su warware irin wannan matsala ta POS, ta na'urar ATM ta wani banki kuwa sa'a 48.

Amma dai rigakafi ya fi magani. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai kira ka ya nemi lambar sirrinka ko lambar da aka aiko maka. Duk wanda ya tsorata ka da cewa yanzu-yanzu za a rufe asusu, kashe wayar. A wurin mai POS, duba adadin da ya rubuta, danna lambarka da hannunka, kada kati ya ɓace wa idonka. Kada a rubuta lambar sirri a bayan kati, kada kuma a sa shekarar haihuwa. Mu da ke yankin da layin waya kan yi wuya, waɗanda muka ga yadda aka katse shi gaba ɗaya a 2021 saboda tsaro, kada mu dogara ga alat kaɗai. Mu riƙa duba abin da ya rage a asusu a kai a kai.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga wannan ƙungiya. Mu ne 'yan bokon Wurno da Rabah da Goronyo, mu ake kawo wa takarda a ce karanta mini. Ina ba da shawara kowane ɗayanmu, in ya je gida, ya zauna da dattawa biyar, maza da mata, ya rubuta musu lambar toshe kati, ya kuma taimake su su zaɓi mutum ɗaya amintacce da zai riƙa taɓa katin, maimakon duk yaron da ya gitta. Malamanmu da suka yi ritaya, waɗanda fanshonsu ke shiga ta banki, su ne farkon waɗanda ya kamata mu ziyarta. Ina kuma roƙon shugabanni su nemi alfarmar limamai da hakimai a riƙa jan kunnen jama'a, musamman lokacin kaka da lokacin da albasa ke kuɗi.

Wanda kuma abin ya taɓa samu, don Allah ya daina ɓoyewa. Ni da na yi shiru kwana uku, na san abin da shirun ya ci mini. Malaman lissafinmu suna zaune a nan, sun koya mini ƙidaya daidai gwargwado, laifin ba nasu ba ne. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, Ya ba yankinmu zaman lafiya, Ya maimaita mana na baɗi.