Takin Lemo a Ƙasar Makka

Alhajin da ya sayi lemo a kasuwar Makka ba safai yakan tambayi inda aka noma shi ba. Makka dai kwari ce tsakanin duwatsu, ruwan da take samu a shekara bai wuce kimanin inci 4 ba, wato ko rabin abin da Kano kan samu cikin watan Agusta kaɗai bai kai ba. Saboda haka galibin lemon daga ƙetare ake kawo shi, wani kuwa daga lambunan Najran da Al-Ula.

To, amma a yankunan da ke kewaye da birnin akwai masu lambu da ke fama da wannan itace, kuma babbar damuwarsu ita ce taki. Ƙasar tasu rairayi ce mai alli da yawa, ruwan rijiyoyin kuwa da gishiri, shi ko lemo ba ya shiri da gishiri ko kaɗan. In aka zuba masa takin zamani da yawa lokaci guda, wani ya bi ruwa ya nutse, saura ya ƙone saiwa. Don haka masana aikin gona suka ce gara a raba takin shekara kashi uku ko huɗu, a barbaɗa shi daidai inda inuwar rassa ta tsaya, nesa da gindi, sa'an nan a yi ban ruwa. Kashin dabbobi ma sai wanda ya ruɓe sarai, gama shi ke taimakon rairayi ya riƙe laima.

Ganyen itacen yakan faɗi abin da ke damunsa. In tsofaffin ganye suka koɗe gaba ɗaya, yunwar naitirojin ce. In kuwa sababbi ne suka yi rawaya, jijiyoyinsu na nan kore shar, to, alli ne ya hana saiwa shan sinadarin ƙarfe.

Amma fa akwai inda taki ba ya magani. A 1984 wani masani Bafaranshe, Joseph Bové, da abokiyar aikinsa suka ba da rahoton wata cutar lemo a kudu maso yammacin Saudiyya, wadda wani ɗan ƙwaro ke yaɗawa. Alamunta sun yi kama da na yunwar taki, har manomi ya yi ta ɓarnar kuɗinsa a banza, alhali abin yi shi ne a tumɓuke itacen kafin ya harbi sauran.

Mai lambu a Kano ko Maraɗi, shi ma kafin ya kwance bakin buhu, sai ya tsaya ya dubi ganye tukuna.