Idon Na'ura da Sikelin Ɗan Kasuwa: Jawabin Bikin Cikar Shekarar Ƙungiya

Shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa fatake na Paraku da Jugu, barkanmu da ganin wannan rana.

An ce in yi magana kan LiDAR, idon da ake sa wa na'urori masu tafiya da kansu. Aikinsa bai da wuyar fahimta: yana harba hasken leza, hasken ya bugi abu ya dawo, sai ya lissafa nisa daga lokacin da aka ɗauka. Haske na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka buhun da ke mita 15 daga na'urar, amsarsa na dawowa cikin kashi ɗaya bisa miliyan 10 na daƙiƙa. Da haka na'urar ɗaukar kaya ke ratsa sito babu direba, da haka kuma ake auna tulin auduga ko lodin tirela ba a sauke buhu ko ɗaya ba.

Wani zai ce abin Turai ne. To, LiDAR na kamfanin Velodyne na Amurka ya taɓa kai dala 75,000, yau kuwa tun 2020 ƙaraminsa yana cikin wayar iPhone. Abin da ya yi arha haka ba ya daɗewa bai iso tashar Kwatano da masana'antun Glo-Djigbé ba, inda kanju da waken soyanmu ke zuwa.

Damuwata ita ce awo. Kakanninmu da suka bi da ayarin goro ta Jugu daga Gwanja zuwa Kano, da hannunsu suke ƙirga ƙwarya. Idan na'ura ta ce lodinka ya gaza, wa zai musa mata, in ba mu da yaron da ya san cikinta? Kuma manyan masu ƙera ta, Hesai da RoboSense, a Sin suke. A Agustan 2023 Sin ta taƙaita fitar da galiyom, ƙarfen da ake haɗa leza da shi. Mu da muka ga tireloli jere a Malanbil bayan rufe iyakar Nijar a shekarar, ba sai an gaya mana illar dogaro da ƙofa ɗaya ba.

Ƙera leza ba namu ba ne yanzu, gaskiya ke nan. Gyara, saiti da karanta sakamako kuwa muna iyawa. Jami'ar Paraku tana nan tun 2001. Shawarata, ƙungiya ta ɗauki nauyin yara biyu, ɗaya daga Paraku, ɗaya daga Jugu, su koyi wannan aiki. Kuma duk mai sayar mana da na'urar awo, kada a sa hannu sai ya rubuta a takarda cewa kayan gyara da horo suna cikin ciniki.

Allah ya ba mu kasuwa.