Zaɓen Faffaɗan Allo Don Kwamfutar Tafi-da-Gidanka



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi ɗan bayani a kan wani abu da ya shafi aikinmu na yau da kullum, ni kuwa na zaɓi in yi magana a kan faffaɗan allon nan da ake jona wa kwamfutar tafi-da-gidanka, wato laftof. Wani zai ce ai wannan ƙaramin batu ne. To, amma in aka dubi zauren nan, da akanta, da malamin makaranta, da lauya, da ɗan kasuwa, da ma'aikacin gwamnati irina, da wuya a sami wanda ba ya shafe sa'o'i a duƙe gaban allo mai inci 13 ko 14. Wuya ya ƙage, ido ya yi yaji, aiki kuma ya ƙi sauri saboda takarda ɗaya tak ake iya gani a lokaci guda. Sannan kuɗin sabon allo mai kyau ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 sau da yawa. Abin da ya taɓa ido da wuya da aljihu kuwa ya wuce a kira shi ƙarami.

Maganar da na zo da ita guda ɗaya ce: zaɓen allo a gida ake gama shi, kafin a je kasuwa. Mutum ya san aikinsa, ya san kwamfutarsa, ya auna teburinsa, ya yi lissafin wutarsa. Wanda ya tsallake waɗannan ya tafi kanti, girman allo ne zai ruɗe shi, kuma kowa ya daka ta wani zai rasa turmin daka tasa.

Bari mu fara da sanin abin da ake nufi da faffaɗan allo. Talabijin da yawancin allunan da muka saba da su, faɗinsu kashi 16 ne, tsayinsu kashi 9. Shi kuwa wannan, faɗinsa kusan kashi 21 ne a kan tsayi kashi 9, shi ya sa za ku ga an rubuta 21:9 a jikin kwalinsa. Kamfanin LG na Koriya ta Kudu ya fito da irinsa mai inci 29 a 2012, mai inci 34 kuma ya biyo baya a 2014. Akwai ma wanda ya fi su, mai inci 49, da ake rubuta wa 32:9, wanda daidai yake da a jera alluna biyu masu inci 27 a haɗe su ba tare da ganga a tsakani ba.

Amfaninsa a wurin aiki a fili yake. Tsayin takardar A4 santimita 29.7 ne, faɗinta 21. Allo mai inci 34 yana da faɗin santimita 80 ko kusa da haka, da tsayin kimanin 33. Ke nan za a iya buɗe wasiƙar da ake amsawa a hagu, amsar da ake rubutawa a tsakiya, jadawalin Excel a dama, duk ana ganinsu kusan da girman da suke a takarda. A ofishinmu, lokacin haɗa kasafin kuɗi ko tantance jerin sunayen ma'aikata, yawancin kurakuran da nake gani suna faruwa ne a daidai inda mutum ya rufe wani fayil ya buɗe wani, ya riƙe lamba a ka, kafin ya rubuta ta 6 ta koma 9. Idan takardun biyu suna gefe da gefe, wannan kuskure yakan ragu ƙwarai. Amma wanda aikinsa bai wuce karanta saƙo da buga wasiƙa ɗaya-ɗaya ba, allo na yau da kullum mai inci 24 ya ishe shi, ya adana sauran kuɗinsa.

Abu na biyu shi ne ɗigo. Duk hoton da ke kan allo ƙananan ɗige-ɗige ne aka jera, kuma yawansu shi ne ke nuna yawan abin da allon zai ɗauka da kuma kyan rubutu. Lambobi biyu ake rubutawa, na kwance da na tsaye. Akwai 2560 × 1080, akwai 3440 × 1440. A nan ne mutane da yawa ke faɗawa tarko, domin ana yin allo mai inci 34 da kowace daga cikin lambobin nan, kuma daga nesa ba a bambanta su. Mai 2560 × 1080 yana da ɗigo kusan miliyan 2.8, wato kimanin 82 a kowane inci, rubutu ya fito ɓaro-ɓaro da kaushi a gefensa. Mai 3440 × 1440 yana da kusan miliyan 5, kimanin 110 a kowane inci, rubutu ya fito sumul. Laftof mai inci 14 da ke da 1920 × 1080 tana da sama da ɗigo 150 a inci, don haka idon da ya saba da ita zai ji bambanci nan take in aka mayar da shi kan 82. Shawarata ita ce, in 2560 × 1080 ne ƙarfin aljihu ya kai, a tsaya a inci 29, inda ɗigon ya kai kimanin 96 a inci. In kuwa inci 34 ake so, kada a sauka ƙasa da 3440 × 1440. A kuma lura cewa inci daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi. Faffaɗan allo mai inci 29 tsayinsa bai wuce na allon da muka saba da shi mai inci 23 ba.

Abu na uku, wanda a ganina ya fi kowanne muhimmanci, shi ne kafar da za a jona allon a jikin laftof. Allo ba ya ƙirƙirar hoto da kansa, abin da kwamfuta ta aiko masa shi yake nunawa. Idan kafar ƙarama ce, an zuba kuɗi a banza. Kafar HDMI iri-iri ce duk da kamanninta ɗaya. Ta 1.4, wadda ta fito a 2009, tana nan a jikin laftof da yawa da ake sayarwa na hannu, kuma a kan allo mai 3440 × 1440 akan same ta tana sabunta hoto sau 50 ko ma 30 a daƙiƙa, maimakon 60 da ido ya saba da shi. A sau 30, kibiyar linzami tafiya take yi tana ɗingishi, mutum ya gaji ba tare da ya san dalili ba. Ta 2.0, wadda ta fito a 2013, ba ta da wannan matsala, haka ma kafar DisplayPort daga 1.2 zuwa sama.

Sai kafar USB-C, ƙaramar nan irin ta cajin wayoyin zamani. Ita ce ta fi daɗin aiki, domin waya ɗaya za ta kai hoto zuwa allo, ta dawo da caji zuwa laftof, har ta haɗa kibod da linzamin da aka soka a bayan allon. In an zo tashi, a zare waya ɗaya a sa laftof a jaka. Sai dai ba kowace kafar USB-C ce ke fitar da hoto ba, wasu caji da kwafar fayil kawai suke yi. Idan an ga alamar walƙiya ta Thunderbolt, ko harafin D na DisplayPort a gefenta, to tana fitarwa. Idan babu alama, a nemi lambar samfurin laftof ɗin a ƙarƙashinta, a duba littafin bayaninta. Ita ma wayar a kula da ita, domin yawancin wayoyin da ke zuwa da cajar wayar hannu ba sa ɗaukar hoto. Haka kuma a duba yawan wutar da allon ke bayarwa. In cajar laftof ɗinka wat 65 ce, nemi allon da ke ba da 65 ko sama, akwai masu 90. In ya gaza, batir zai riƙa sauka a hankali alhali kana ganin alamar caji. Masu MacBook Air mai M1 ta 2020 ko mai M2 kuma su sani cewa allo ɗaya tak take iya ɗauka daga waje ba tare da ƙarin na'ura ba, saboda haka faffaɗan allo guda ya fi musu sauƙi a kan jera biyu. Mai son inci 49 ya ƙara taka-tsantsan, don tsofaffin laftof da yawa ba sa iya cika ɗigonsa na 5120 × 1440.

Abu na huɗu shi ne tebur da lafiyar jiki. A ɗauki awo a auna kafin a fita. Mai inci 34 yana cin santimita 80, mai inci 49 kuwa kusan mita 1.2, ga laftof ma tana neman wurin zama. Tsakanin ido da allo ana son tazarar santimita 50 zuwa 100, kuma faffaɗan allo ya fi son a ɗan ja baya, ke nan siririn tebur ba zai yi ba. Saman allon ya yi daidai da ido ko ya ɗan sauka kaɗan, don haka a nemi mai ƙafar da ake ɗagawa da saukewa. In babu, a tabbata yana da ramukan VESA huɗu a bayansa, yawanci masu tazarar milimita 100, don a iya ɗaura shi a hannun ƙarfe. A sayi kibod da linzami na daban, in ba haka ba mutum zai riƙa bugawa a laftof yana waiwayen allo, ciwon wuyan da aka gudu ya dawo ta bayan gida. Likitocin ido kuma suna ba da shawarar kowane minti 20 a ɗaga kai a dubi abin da ke nesa da kimanin mita 6 na daƙiƙa 20.

Za ku ga wasu allunan a lanƙwashe, an rubuta musu 1800R ko 1500R ko 1000R. Lambar tana nuna nisa daga tsakiyar da'irar lanƙwasar zuwa bakinta da milimita, kuma ƙaramar lamba ta fi lanƙwasa. A inci 34, 'yar lanƙwasa kaɗan tana sa gefuna su matso kusa da ido, amma injiniya ko mai zanen gini da ke son miƙaƙƙen layi zai fi jin daɗin shimfiɗaɗɗe. Game da irin gilashin, IPS ya fi riƙe launinsa in an kalle shi daga gefe, VA ya fi baƙi mai zurfi kuma sau da yawa ya fi araha. OLED ya fi su kyan gani, amma hoton da ya daɗe a wuri ɗaya yakan iya barin tabo a jikinsa, mu kuwa aikinmu jadawali ɗaya ne daga safe zuwa yamma. Shi kuma saurin sabunta hoto na 144 ko 165 da ake tallatawa, na masu wasan kwamfuta ne. Mai aikin ofis 60 zuwa 100 ya wadace shi.

Abu na biyar shi ne wuta, kuma a nan dole mu yi wa kanmu gaskiya. Laftof tana da batir, allo ba shi da shi, ana ɗauke wuta zai mutu. Mai inci 34 yakan ja abin da ya kama daga wat 30 zuwa 60, in kuma yana cajin laftof sai a ƙara nata a kai. Mai inbata ko sola ya sa wannan a lissafinsa. Yawancinsu suna karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, wadda ta dace da tamu ta 230, amma hakan ba ya kare su daga wutar da ke dawowa da ƙarfi ko rawar janareta. Kuɗin na'urar kariya kaɗan ne in aka gwada da kuɗin allon, rigakafi kuwa ya fi magani. Lokacin hunturu a riƙa rufe shi da ƙyalle saboda ƙura, a goge shi da tsumma mai laushi, kada a fesa masa ruwa kai tsaye.

To, in an gama wannan lissafi, sai kasuwa. Ko Titin Beirut ne a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ka tafi da laftof ɗinka, a jona a gabanka da wayar da za ka tafi da ita gida, domin gani ya kori ji. Shiga saitin allo ka ga da idonka cewa ya nuna 3440 × 1440 da 60 ko sama. In na hannu ne, cika allon da fari, sannan baƙi, sannan ja da kore da shuɗi, don mataccen ɗigo ko tabo ya bayyana. Ka karɓi rasit mai lambar allon, a kuma rubuta kwanakin da za ka iya mayarwa.

Bayan an kai gida, a koyi raba shi, in ba haka ba faɗin ba shi da amfani. A Windows 11, danna maɓallin Windows da Z yana fito da hanyoyin raba allo gida biyu ko uku. In kuma ana taro ta Zoom ko Teams, a nuna wa mutane takardar da ake magana a kanta kaɗai, domin in aka nuna dukkan allon, wanda ke kallo ta wayar hannu ba zai iya karanta ko harafi ɗaya ba.

Daga ƙarshe, ina roƙon yayyenmu da ke riƙe da ofisoshi, in za a saya wa ma'aikata kayan aiki, a fara tambayar irin laftof ɗin da ke hannunsu kafin a sa hannu a takardar saye. Ƙannenmu da suka fara aiki kuma kada su ci bashi don wani ya saya. A tara kuɗin a hankali, a sayi wanda ya dace sau ɗaya, domin allo mai kyau yakan ga bayan laftof biyu ko uku.