Jawabi a Wajen Naɗin Sarkin Ruwa, Bakin Kogin Kaduna

  

Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka. Dagatai da masu unguwanni, Allah ya ƙara girma. Limamanmu, Allah ya gafarta malam. Shugabannin coci, muna godiya da kuka amsa gayyata. Dattawan Gbagyi, waɗanda kowa a nan ya zo ya tarar, muna gaisuwa irin ta baƙo ga mai masauki. Wakilan hukuma, iyayenmu mata masu kifi, masunta, 'yan fito, 'yan yashi, masu lambu, da baƙinmu da suka taso daga tsallake, kowa da girmansa, ina gaishe ku.

Shi kuwa wanda muka taru dominsa, har jiya da la'asar da sunansa nake kiransa, don a gabana aka haife shi, kuma na taɓa zane shi a aji saboda ya gudu kogi ranar jarrabawa. Yau rawani ya rufe mini baki. Ranka ya daɗe, Sarkin Ruwa. Ashe naka darasin ka tafi ɗauka, mu ne ba mu gane ba.

Da aka ce ni zan yi magana a madadin jama'ar bakin ruwa, na so in zille, don akwai waɗanda suka fi ni shekaru a wurin nan, suka kuma fi ni sanin ruwa nesa ba kusa ba. Sai aka ce ai ni ne ɗan gidan fito da ya yi boko. Gaskiya ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da filafili ya saya mini littattafai. Saboda haka abin da zan faɗa, rabi na karanta ne, rabi kuma na ji shi ina zaune a gindin jirgi ina kwashe ruwa da ƙoƙo.

Ranka ya daɗe, bari in fara gwada maka faɗin ƙasar da aka ba ka. Wannan ruwa da ke wucewa a bayan rumfar nan daga duwatsun Jos ya taso. Tafiyar kilomita kusan 550 yake yi. Ya ratsa garin nan, ya gangara Shiroro inda aka datse shi yana ba ƙasa wutar lantarki tun 1990, ya wuce Zungeru da Wushishi, sannan ya je ya faɗa Kwara a Muregi, daura da Pategi, a ƙasar Nupe. A can akwai Kede, Nupawan da jirgin ruwa ne gonarsu da kasuwarsu tun kaka da kakanni, sarkinsu ana ce masa Kuta. Duk wanda ya ɗauka fito ƙaramar sana'a ce ya je Muregi ya ga mutanen da suka kafa sarauta sukutum a kan kwale-kwale.

Garin ma da sunan kogin ake kiransa. Mu Hausawa muna cewa daga kada ne, jam'insa kadduna, don yawansu a ruwan nan a da. Dattawan Gbagyi suna da nasu bayanin daga harshensu, kuma yau ranar farin ciki ce, ba zan tayar da wannan gardama a gaban Hakimi ba. Abin da ba gardama a kansa shi ne ruwan nan ne ya jawo Turawa. Da Gwamna Lugga ya bar Jebba ya koma Zungeru a 1902, kogin nan ne hanyarsa: in ruwa ya cika jiragen hayaƙi su taso daga Kwara har Barijuko, a sauke kaya, ɗan ƙaramin jirgin ƙasa ya ƙarasa da su Zungeru. Da layin dogo na Baro ya ƙetare nan ya isa Kano a 1911, sai suka ga wuri mai ruwa da fili da hanya. A 1917 aka kwaso hedikwatar Arewa aka dawo da ita Kaduna. Har 'yar gadar ƙafa da Lugga ya gina a Zungeru a 1904 daga baya aka kwance ta aka kawo, tana nan a lambun Gamji a tsallake, an sa ta cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956. A wannan shekara ta 1904, a wannan gari na Zungeru, aka haifi Nnamdi Azikiwe, wanda titin da ya bi ta gadar Nasarawa ke ɗauke da sunansa. Direbobi nawa ne ke hawa gadar nan kullum da sanin cewa mai sunan titin ɗan bakin kogin nan ne?

Wani abin dariya kuma, domin 'yan fito su ji daɗi: layin dogo na Gabas, wanda ya biyo ta Kafanchan ya haɗu da namu a babbar tashar da ke wannan gaɓa tamu ta kudu, shekara da shekaru fito ake yi da shi a Makurɗi. Sai a tura taragu cikin jirgin ruwa a ƙetare Binuwai da su, har zuwa 1932 da aka gama gada. Ke nan jirgin ƙasa da kansa ya taɓa tsayawa a bakin ruwa yana jiran ɗan fito.

Wannan gefe namu sunayensa kaɗai sun isa tarihi. Maƙera, wurin masu ƙira. Barnawa, mutanen Barno. Kakuri, Nasarawa, Kudenda. Da aka buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, aka kafa masana'antar kayan yaƙi a 1964, aka fara harhaɗa motar Fijo a 1975, sai Nijeriya duka ta kwararo nan. Bajju, Atyap, Tibi, Idoma, Ibo, Yarabawa, Barebari, Nupawa, ga mu Hausawa. In jiniyar tashi daga aiki ta yi kuka, kekuna sai ka ce fari. Wanda gada ta yi wa nisa, ko kuɗin mota ya gagare shi, sai ya gangaro mashaya. A jirgin mahaifina na fara jin harsuna biyar cikin zama ɗaya, kowa da kwanon abincinsa a cinya, kowa yana addu'a da tasa hanyar in jirgi ya yi tangaɗi.

Masaƙun yawancinsu sun yi shiru yanzu, ciyawa ta cinye harabarsu. Kogin bai yi ritaya ba. Ku zo da rani ku gani, lokacin da ruwa ya ja baya duwatsu suka fito kamar bayan giwaye: masu wanki sun shanya kaya a kan fa, masu lambu sun kafa injin ban ruwa suna fid da alayyafo da tumatir da latas da ake ci a gidajen da ba su taɓa tambayar daga ina ba, Fulani sun gangaro da shanu, yara suna koyon iyo da jarka. 'Yan yashi kuwa tun asuba suna nutso da bokiti, su cika jirgi har ruwa ya kusa shafar bakinsa, su turo gaɓa tifa ta kwasa. In ka ga bene a Barnawa ko Narayi, ka tuna akwai wanda ya riƙe numfashi a ƙarƙashin ruwa kafin a zuba dakalinsa. Masunta su jefa birgi, su kafa mali, su ja taru, su fito da tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da ragon ruwa. Giwan ruwa sai dai labari a bakin tsofaffi, kamar kadan da aka sa wa garin suna. Iyayenmu mata su saye a bakin jirgi, su ƙyafe, su soya, da ribar nan aka aurar da 'ya'ya aka kai wasu jami'a.

Yanzu zan taɓa inda ke da ciwo, kuma ina neman afuwar manya. A Fabrairu da Mayu na shekarar 2000, sannan a Nuwamban 2002, garin nan ya sha rikicin da ba ma fatan jikokinmu su gani. Bayan ƙura ta lafa mutane suka yi ta kwashe kaya. Wanda ya shekara talatin a Kakuri ya koma Tudun Wada ko Rigasa, wanda aka haifa a Tudun Wada ya koma Sabon Tasha ko Unguwar Romi. Kalmar tsallake, wadda da can ba ta nufin kome sai ɗaya gefen ruwa, ta ɗauki wani nauyi. Yau akwai saurayi ɗan shekara ashirin a garin nan da bai taɓa kwana a ɗaya gaɓar ba, kuma in ka tambaye shi dalili sai ya ce haka ya taso ya gani. Kogin da ya tara mu aka mai da shi iyaka.

Amma ku tambayi waɗannan da ke zaune a can baya da filafilansu. Ɗan fito ba shi da gefe. In ya kwana a kudu, kafin hantsi ya taka arewa sau goma. Bai taɓa tambayar mai shiga jirgi sunansa ba, balle inda yake ibada. Abin da yake tambaya kawai shi ne a zauna daidai kada a rinjayi gefe ɗaya. Da ruwa ya yi ambaliya a Satumban 2003, ya shiga gidaje a gaɓa biyun bai zaɓa ba, su waye suka riƙa bi lungu-lungu da kwale-kwale suna sauko da mata da yara daga kan rufi? Na ga wata tsohuwa da aka ɗauko rungume da Littafi Mai Tsarki, a jirgi ɗaya da wani malami da ya ɗora allunan almajiransa a ka. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, balle hannun maƙwabci.

Don haka, ranka ya daɗe, ka lura da irin rawanin da aka naɗa maka. Kowane mai unguwa a nan yana da inda ƙasarsa ta tsaya. Kai taka ƙasar tana tafiya ne, kuma gaɓa biyu gare ta. Masuncin da ya taso daga Kabala da wanda ya taso daga Nasarawa kifi ɗaya suke bi. In rigimar wurin kafa taru ta tashi, ko ta ramin yashi, gabanka za a zo, kuma ranar da aka ji ka karkata saboda yare ko addini, ranar rawanin nan ya zama tsumma. Na san gidanku, ban sa ran haka ba. Na faɗa ne don a gaban shaidu ake ba da amana.

Sai maganar rai, wadda ita ce ta fi hana ni barci. A Mayun 2021 jirgi ya kife a Ngaski ta Jihar Kebbi da 'yan kasuwa, sama da mutum 100 suka salwanta. A Nuwamban 2021 ɗin kuma, a Ɓagwai ta Jihar Kano, jirgi ya nutse da 'yan makarantar Islamiyya da za su Mauludi. A Yunin 2023, a Pategi, can inda ruwan nan namu yake ƙarewa, 'yan biki fiye da 100 suka tafi cikin dare ɗaya. In ka bi labaran, abu guda za ka yi ta ji: lodi ya wuce kima, tafiyar dare, tsohon katako, babu rigar ruwa. Mun yi imani da ƙaddara, amma wanda ya zuba mutum arba'in a jirgin mutum ashirin saboda kuɗin fito, kada ya ɗora wa ƙaddara. Mahaifina yana da wani zane da ya yi da wuƙa a cikin jirginsa. In ruwa ya kai zanen nan, ko surukinsa ne a gaɓa sai ya jira sawu na gaba. An zage shi a kan haka ba sau ɗaya ba, ya kuma mutu a kan gadonsa bai taɓa zubar da kowa ba. Ina roƙon Sarki ya sa kowane jirgi a mashayar nan ya sami irin wannan zane, da fenti, inda kowa zai gani. A daina fito bayan magariba in ruwa ya yi ja a Agusta da Satumba. A duba katako tun rani, don ba a fafe gora ranar tafiya. Samarinmu kuma masu cewa rigar ruwa ta matsorata ce, iya ruwa fid da kai ne, mun ji; to wa zai fid da mai goyon da ke bayanka?

Wakilan hukuma, ga ɗan saƙo ku kai. Mun gode da rigunan ruwa da aka kawo, amma riga tana tsufa, a sa mu cikin lissafin kowace shekara. Muna son matakala ta siminti a mashaya, don tsofaffi suna zamewa a laka. In za a yi gargaɗin ambaliya, a kira Sarkin Ruwa kai tsaye, shi ya san ƙofar da za a fara ƙwanƙwasawa. A kuma dubi abin da magudanai ke zubowa cikin kogin. Mun ga zamanin da ruwan rini ke sauka kifi ya taso ciki sama. Yanzu leda ce da robar ruwa da baƙin mai. Namu laifin ma ba zan ɓoye ba: mai zuba maganin ƙwari a ruwa don ya kwashi kifi a sauƙaƙe, da mai taru mai ƙananan ido da ke kwashe har 'ya'yan, a cikinmu suke, mun san su, yanzu kuma Sarki ya san aikinsa.

Ranka ya daɗe, Allah ya taya ka riƙo. Allah ya ba ka haƙurin masunci da idon ɗan fito. Allah ya jiƙan waɗanda ruwan nan ya ci, namu da na tsallake, ya jiƙan magabatan da suka riƙe mashayar nan kafin mu. Allah ya zaunar da Kaduna lafiya, kudu da arewa.

An shaida mini jirage bakwai suna jira a ƙasa, za a ƙetara da sabon Sarki ya gai da dattawan tsallake kafin la'asar, su ma sun yi shimfiɗa suna jiransa. Mai girma Hakimi, in ka yi izini sai mu gangara. Makaɗa su shiga jirgi na biyu. Kowa ya karɓi rigarsa a hannun samarin da ke bakin mashaya, har da mai rawani. A ɗaura masa tasa a kan alkyabbar.