Kwatar Layinmu da Takarda Mai Hatimi

 Waɗanda data ba ta ishe su saurare ba, ga shi a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau babu baƙo, ni kaɗai ne, kuma labarin kwata zan ba ku. E, kwata dai, ta ruwan datti. Ku ɗan yi haƙuri da ni.

A daminar bara babbar kwatar layinmu ta toshe. Leda, robar lemo, yashi, har da tsohuwar katifa, komai akwai a ciki. Wani dare cikin watan Agusta aka kwana ana ruwa, ruwan ya rasa hanya ya bi ta cikin gidaje. Gida bakwai ya shiga. Katangar wata baiwar Allah mai riƙon marayu ta zube, Allah ya kiyaye ba kowa a jikinta a lokacin. Bayan nan ruwan ya kwanta a layin ya yi kore, sauro ya samu gida, yara suka fara zazzaɓi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne rijiyoyin gidajen, kada ruwan masai ya gauraya da su a samu amai da gudawa.

To mu matasan layin me muka yi? Abin da kuka sani. Muka ɗauki bidiyo, muka ɗora a Facebook, muka yi wa gwamna tagin, muka yi wa sanata, har da shafin fadar shugaban ƙasa wani ya saka. Mutane suka yi ta yaɗawa, aka yi ta "Allah ya isa" da "shugabanninmu ku ji tsoron Allah". Wallahi a daren nan na kwanta ina jin na yi aiki. Sati uku suka wuce, ko kare bai zo ya leƙa kwatar ba.

Akwai wani dattijo a layinmu, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, ya yi ritaya tuntuni. Wata rana bayan la'asar ina ta bambami a ƙofar masallaci, sai ya kira ni ya ce, "Ɗana, wa kuka rubuta wa?" Na ce, "Baba, ai mun sa a Facebook, har gwamna ya kamata a ce ya gani." Ya yi dariya ya ce, "Facebook ɗin naku yana da lambar fayil?"

Na yi shiru. Ya ce shi ma'aikacin gwamnati ba ya motsi sai da takarda. Ko da shugaban sashen ayyuka ya ga bidiyonku, ko da ya tausaya muku har ya yi hawaye, ba shi da abin da zai ɗora buƙatar kuɗi a kai. Dole wata takarda ta shigo, a buga mata hatimi, a sa ta a fayil, ciyaman ya yi rubutu a kanta ya tura wa sashen da abin ya shafa, su je su duba su ƙiyasta kuɗin, sannan a fitar. In babu takardar farko, sauran duka babu. Ya ƙara da wata magana da ta zauna min: wanda ba ya son yi muku aikin ma, kun sauƙaƙa masa, don gobe zai rantse cewa babu wanda ya sanar da shi a hukumance, kuma bai yi ƙarya ba.

Kuskurenmu na biyu, ba ma ƙofar da ta dace muka buga ba. Mu a tunaninmu komai gwamna, komai shugaban ƙasa. Alhali kundin tsarin mulki na 1999 yana da wani jadawali na huɗu da ya jero ayyukan ƙaramar hukuma, kuma da na karanta shi sai na ga kusan duk abin da ke damun talaka a ƙofar gidansa yana ciki: titunan cikin unguwa da magudanan ruwa da fitilun kan titi, kwashe shara, kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, banɗakunan jama'a, sa wa layuka suna da lambar gidaje. Suna kuma da hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci. Amma a lura, a manyan birane akwai titunan da na jiha ne ko na tarayya, kwatar da ke gefensu ma'aikatar ayyuka ko ta muhalli ce ke da ita, don haka ka fara tambaya titin na waye. Taransifoma kuma ba ta ƙaramar hukuma ba ce, ta kamfanin rarraba wuta ce, ko da yake 'yan siyasa kan saya su raba. Sanata da ɗan majalisa aikinsu na asali yin doka ne da sa ido, ba yashe kwata ba.

Wani zai ce ai ƙananan hukumomin ba su da kuɗi. Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, Kano kaɗai 44, Katsina 34, Jigawa 27. A rabon asusun tarayya kasonsu kashi 20.6 cikin ɗari ne, jihohi 26.72, gwamnatin tarayya 52.68. Duk wata ana wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da rahoton a intanet. Gaskiya ne shekara da shekaru kuɗin yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, a nan ake yi masa yankan ƙauna. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi, ba kantomomin riƙo ba. Aiwatar da hukuncin yana ta jan ƙafa, wannan kowa ya sani. Amma ni dai ban yarda ka bar mutum ya ce maka "babu kuɗi" ba tare da ka san nawa aka rubuta da sunan ƙaramar hukumarsa a watan ba. In ba su shigo hannunsa ba, shi ya faɗa da bakinsa.

To sai muka zauna da Baba muka rubuta. Na zo da shafi uku cike da ɓacin rai, na fara tun daga alƙawuran kamfe. Ya karɓa ya soke kusan duka. Ya ce shafi ɗaya, matsala ɗaya. Kada ku haɗa kwata da rashin malamai da rashin wuta, don ba sashe ɗaya ke da su ba, takardar za ta rasa teburin da za ta sauka. Muka sa sunan layi da mazaɓa, ranar da ruwan ya shiga, gida nawa, tsawon inda ya toshe, muka auna da ƙafa. Muka faɗi abin da muke nema ƙarara: a turo duba-gari da mutanen sashen ayyuka su gani, a ba mu tifa da kayan aiki, mu kuma za mu fito da matasa. Wannan na ƙarshe Baba ne ya dage a sa, ya ce wanda ya zo da rabin maganin an fi saurarensa. Aka rubuta wa ciyaman, aka ba da kwafi ga kansilan mazaɓarmu da shugaban sashen ayyuka. Mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya buga hatiminsa, magidanta ashirin da wani abu suka sa hannu da lambar waya. Muka wanke hotuna huɗu muka maƙala. Ba zagi ko ɗaya a ciki, duk da bakina yana ƙaiƙayi.

Ga wurin da nake so ku riƙe da kyau. Kwafi biyu za ka je da su. Ɗaya ka miƙa a ofishin karɓar wasiƙu na sakatariya, ɗayan kuma a buga maka hatimin "an karɓa", da kwanan wata da sa hannu, ka dawo da shi gida. Ranar da muka je, ma'aikacin da muka tarar ya karɓi takardar ya jefa a kan wani tuli ya ce, "Shi ke nan Malam, za a duba." Na ce, "Yallaɓai, a taimaka a buga min a wannan." Ya ce mai hatimin bai zo ba. Muka ce za mu jira. Awa biyu muna kan benci, sai ga hatimin ya fito daga durowar teburin da yake zaune. Ban ce komai ba, na yi godiya. Kafin mu fita daga harabar na ɗauki hoton takardar na tura a gurup ɗin layinmu na WhatsApp.

Kada ku ɗauka daga nan aka zo da gudu. Sati biyu shiru. Muka koma, aka ce tana teburin ciyaman, ciyaman kuma ya yi tafiya. Muka sake komawa, aka ce ba a ga takardar ba. A nan kwafin nan ya yi rana, na zaro shi na ce ga ranar da aka karɓa, ga sa hannu. Nan da nan aka fara buɗe fayil-fayil, ta fito. Muka bi ta zuwa sashen ayyuka, muka san fuskar wanda take hannunsa, muka karɓi lambarsa. Kansilanmu kuwa, abin kunya, a cikin mu goma sha biyu mutum biyu ne kawai suka san sunansa, ga shi gidansa bai fi tafiyar minti goma daga layinmu ba. Muka same shi da safe kafin ya fita. Ban ce waliyyi ba ne, amma da ya ga sa hannun magidanta da hatimin dagaci, ya ga ƙuri'u ne a jere, sai ya ɗaga waya a gabanmu.

Zuwa huɗu muka yi. A sati na shida aka turo tifa ɗaya da baro da shebur, muka fito ranar Asabar muka yashe kwatar da hannunmu, tifar ta yi sawu biyar. Kwalbatin bakin layi da ya karye, wanda shi ne asalin matsalar, an ce sai an sa shi a kasafin kuɗi. Katangar baiwar Allah nan kuwa karo-karo muka yi a masallaci aka tayar.

In an yi biris da kai gaba ɗaya fa? Akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a ta tarayya, tun 1975 take, tana da ofisoshi a jihohi, kuma kyauta ake kai ƙorafi. Jihar Kano ma tana da tata hukumar ta karɓar ƙorafi da yaƙi da cin hanci. Su ma za su so ganin shaidar cewa ka fara kai kukanka inda ya dace, ka ga kwafin nan ya sake amfani. Sannan akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu. A ƙarƙashinta kana iya rubuta wa hukuma ka nemi bayani, misali nawa aka ware wa magudanan ruwa a kasafin bana kuma wa aka ba kwangila, ba sai ka faɗi dalilinka ba. Kwana bakwai doka ta ba su su amsa, in sun hana kana da damar zuwa kotu. Da yawa ba sa amsawa a kan lokaci, ba zan yaudare ku ba, amma takarda ce da ba a son ganinta a tebur.

Rediyo da Facebook ɗin ma ban ce a daina ba. Yanzu in zan yi posting, hoton takardar mai hatimi nake fara sawa, in rubuta yau kwana kaza da karɓa. Na lura wannan ya fi bidiyon kuka saurin sa wani ya kira ka a waya yana cewa don Allah ka sauke, ana kan magana.

Takarda ta biyu, ta kwalbatin, mun kai ta, an buga mana hatimi, wannan karon ba a ce mai hatimin bai zo ba. Ranar Litinin zan koma in ji inda ta kwana, Baba ya ce in tafi da wuri kafin a fara cewa an fita salla. Abin da aka ce min za ku ji shi a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Sai mun haɗu, a huta lafiya.